Dabino Biyu a Bagadaza

Duk wanda ya saba leƙa shagunan littattafan addini na Kasuwar Kurmi ya san Ihya'u Ulumid Din na Imam Gazali, ya kuma san Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushdi. Mai saye yakan ɗauki na farko don gyaran zuciya, ya ɗauki na biyu don sanin inda mazhabobi suka haɗu da inda suka rabu, ya biya ya tafi. Sau tari bai san cewa akwai wata doguwar jayayya tsakanin mawallafan biyu ba. Hausawa na cewa rigimar duniya da mai rai ake yi, amma wannan da mamaci aka yi ta. Gazali ya rasu a Ɗus a 1111, Ibn Rushdi kuwa sai a 1126 aka haife shi a Ƙurɗuba, can ƙasar Andalus.

Abin da ya haɗa su tambaya ce guda. Shin duniya tana da farko, ko dama can akwai ta? Ba ƙasar da muke takawa kaɗai ake nufi ba, har da sammai da taurari da shi kansa lokaci. Ni dai ina kan abin da aka koya mana tun muna yara, cewa duniya fararriya ce, daɗewa siffar Allah ce Shi kaɗai. Duk da haka ina da begen zamanin da ake zama a kan tabarma a yi wannan muƙabala, saboda yadda ake yin ta. Babu tabarau mai hangen nesa, babu na'ura. Da dabino ake kafa hujja, da zobe, da sanda, da fitowar rana. Kuma mai raddi ba ya fara rusa maganar abokin hamayyarsa sai ya gama gina ta tukuna.

A Bagadaza zancen ya bunƙasa. Halifa Mansur ya kafa birnin a 762, ba a jima ba sana'ar yin takarda ta iso, littafi ya yi araha. Aka samu kasuwa sukutum ta masu kwafar littattafai da sayar da su, shaguna sama da 100. An ruwaito cewa Jahiz yakan kama hayar shagon mai littattafai ya kwana a ciki yana karatu. A irin waɗannan shaguna ake samun littafin Aristotil kan ɗabi'ar abubuwa, wanda Ishaƙ ɗan Hunaini, wani Kirista gwanin harsuna, ya mayar Larabci. A cikinsa malamin na Girkawa ya ce motsi ba shi da farko. A kasuwar dai ake samun hujjojin Yahaya Nahawi, Kiristan Iskandariya, wanda tun a 529 ya rubuta raddi ga masu cewa duniya daɗaɗɗiya ce. Alkindi, wanda ake yi wa laƙabi da masanin falsafar Larabawa, ya bi sahun masu cewa tana da farko. Farabi, da ya rasu a 950, ya karkata ga ɗaya ɓangaren.

Malamin tarihi Humaidi ya adana mana hoton majalisun wancan lokaci. Wani fakihi ɗan Andalus ya je Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 10. A hanyarsa ta komawa ya yada zango a Ƙairawan, inda Ibn Abi Zaid, mai Risalar nan da ake karantawa a kowane zaure a ƙasar Hausa, ya tambaye shi ko ya halarci zaman malaman kalam. Ya ce ya je sau biyu, bai sake komawa ba. Ya tarar da Musulmi na kowane ɓangare, da Yahudawa da Nasara da Majusawa, har da 'yan dahariyya masu musun Mahalicci. Kowace jama'a da shugabanta, in ya shigo kowa ya miƙe tsaye har sai ya zauna. Da majalisa ta cika sai wani ya tashi ya gindaya sharaɗi, cewa kada kowa ya kawo hujja daga littafin da abokin zamansa bai yarda da shi ba, hankali kawai za a sa a gaba. Kowa ya amince. Baƙon ya fita ransa a ɓace, Ibn Abi Zaid ma ya yi takaicin abin da ya ji. Na fahimci kishinsu. Amma ba na ɓoye cewa da ina raye a ranar, da na nemi gurbi ko a bakin ƙofa ne.

Hujjojin masu daɗewar duniya ba na wasa ba ne. Ta farko a kan lokaci take. Kowane yanzu ƙarshen abin da ya wuce ne, kuma farkon abin da zai zo. In ka ce akwai wani yanzu na farko, to ƙarshen me ya zama? Da zarar ka furta cewa kafin duniya babu lokaci, ka riga ka shigo da lokaci, domin kafin ɗin nan lokaci ne. Ta biyu ita ce wadda Ibn Sina ya fi ƙarfafawa. Shi ba ɗan dahariyya ba ne, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. A wurinsa Allah ne kaɗai samuwarsa ta zama wajibi, duk abin da ba Shi ba samuwarsa aro ce daga gare Shi. Sai dai ya ce, tunda ikon Allah da kyautarsa cikakku ne tun fil azal, kuma ba Ya canzawa, me zai sa halitta ta jinkirta? Me ya faru sabo da ya sa aka yi ta a wannan lokaci ba kafinsa ba? Misalin da suke bayarwa shi ne yatsa da zobe. In yatsa ya motsa, zobe ya motsa tare da shi a lokaci guda, amma kowa ya san yatsa ne ya motsa zobe. Haka Allah Ya gabaci duniya, in ji su, gabatar daraja da sababi, ba ta shekaru ba.

Tun Ibn Sina yana matashi aka fara taka masa burki. Wajen shekarar 1000 Biruni, wanda shi ma bai kai talatin ba, ya aika masa da tambayoyi 18 a rubuce, goma daga ciki a kan littafin Aristotil na sararin sama. Ɗaya ta ce, don me za a kafa hujja da cewa magabata sun ga sama yadda muke ganinta yau? Ai duwatsu ma kakanni sun ba da labarinsu kamar ba sa canzawa, alhali sun canza. Wata ta ce, me ya hana a samu wata duniyar dabam da tamu? Ibn Sina ya amsa ɗaya bayan ɗaya, har ya zarge shi da aro daga Yahaya Nahawi. Biruni bai gamsu ba, ya sake rubutowa da zafi, sai almajirin Ibn Sina, Ma'asumi, ya karɓi alƙalamin. Wasiƙun suna nan har yau. Samari biyu ne da ba su da wani abin rabo a tsakaninsu, ba gado ba sarauta, sai dai son gane gaskiyar sama.

Sannan Gazali ya zo. A 1091 waziri Nizamul Mulk ya naɗa shi babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana ɗan shekara 33. Ya faɗa da kansa cewa yana koyar da ɗalibai 300, kuma a ɗan lokacin da yake samu bayan darasi ya karance littattafan falsafa shi kaɗai, ba malami, cikin ƙasa da shekara biyu, ya ƙara kusan shekara guda yana juya su a ransa. A farkon 1095 ya kammala Tahafutul Falasifa. Mas'aloli 20 ne a ciki, kuma ta farko, wadda ta fi kowace tsawo, ita ce ta daɗewar duniya.

A nan dabinon suka shigo. Malaman falsafa sun ce lokuta duk iri ɗaya ne kafin halitta, babu abin da zai fifita wani a kan wani, saboda haka ba za a zaɓi ɗaya a fara duniya a cikinsa ba. Gazali ya ce to, a ajiye dabino biyu a gaban mai kwaɗayinsu, girmansu ɗaya, kyansu ɗaya, nisansu da hannunsa ɗaya, kuma ba zai iya ɗaukar duka biyun ba. Shin zai zauna yana kallonsu har abada don ya rasa dalilin fifita ɗaya? Kowa ya san zai miƙa hannu ya ɗauki guda. To siffar da ta sa ya ware abu daga irinsa ita ce nufi. Idan bawa yana da ita, yaya za a hana wa Ubangiji? Nufinsa daɗaɗɗe ne, amma tun azal Ya nufi duniya ta samu a sa'ar da ta samu. Ba Shi ne Ya canza ba.

Daga nan ya ɗaga kai sama. Bisa lissafin masana taurari na zamaninsa, rana tana kammala zagayenta a shekara guda, Mushtari a shekara 12, Zuhal a shekara 30. Idan duniya ba ta da farko, zagayen rana ba su da iyaka, na Zuhal ma ba su da iyaka. Amma duk zagaye ɗaya na Zuhal, rana ta yi 30. Ta yaya marar iyaka zai ninka wani marar iyaka sau 30? Ya ƙara da tambayar da ko yaro mai wasan gyaɗa a tafin hannu zai gane: adadin zagayen nan, cika ne ko mara? In cika ne, ƙarin ɗaya zai mai da shi mara. In mara ne, ɗaya ya rage masa ya cika, to yaya marar iyaka zai rasa ɗaya? Ya kuma tuna musu cewa Ibn Sina ya yarda rayuka suna wanzuwa bayan mutuwa. In mutane ba su da farko, ke nan yanzu haka akwai rayuka marasa adadi a tare, abin da su da kansu suka ce ba ya yiwuwa.

Wurin da ya fi burge ni shi ne inda ya kama su da maganarsu. Mutanen Aristotil sun ce duniya ba ta da farko a lokaci, amma tana da iyaka a girma. Bayan falaki na ƙarshe babu wuri, babu fili, babu komai. Gazali ya ce, in hankalinku ya karɓi cewa babu wani sama a bayan rufin duniya, duk da cewa zuciya ba ta daina raya akwai shi, me zai hana ku karɓi cewa babu wani kafin a gaban farkonta? Duka biyun aikin wahami ne. Ya kuma tambaya ko Allah yana da ikon yin duniya ta fi haka girma da kamu ɗaya. Tambayar tana da tsohuwar 'yar'uwa. Tun kafin Aristotil ya shahara, wani Bagirke mai suna Arkitas ya ce, in na isa ƙarshen duniya na miƙa sandata, za ta wuce ko ba za ta wuce ba? In ta wuce, akwai wuri a gaba. In ta tokare, akwai abin da ya tokare ta. Daga baya Fakharuddin Razi, mai babban tafsiri, wanda ya rasu a 1210, ya ce bayan duniyarmu akwai sarari marar iyaka, kuma Allah yana da ikon halittar dubban dubban duniyoyi a cikinsa. Abin ya zo a juye. Masu falsafa sun ba duniya lokaci marar iyaka cikin wuri mai iyaka, malamin tauhidi ya ba ta farko amma ya buɗe mata fili.

Akwai kuma zancen Jalinus, babban likitan Girkawa. Shi cewa ya yi da rana mai ƙarewa ce, da an ga alamar yaushi a jikinta, amma dubban shekaru masu duba sama suna ganinta da girma ɗaya. Gazali ya ce ana faɗin rana ta ninka ƙasa sau 170, to in ta rasa abin da ya kai girman duwatsu, wane ido ne zai lura? Yaƙutu da zinariya ma suna raguwa ba a gani. A yau an san rana ta ninka ƙasa fiye da sau miliyan guda a girma, kuma tana asarar kimanin tan miliyan 4 na nauyinta a kowace daƙiƙa, yana zama haske da zafi. Gazali bai auna komai ba. Ya dai ƙi yarda cewa rashin gani hujja ne na rashin faruwa.

Littafin na Gazali bai ƙare da murmushi ba. A mas'aloli 17 ya ce bidi'a ce, a uku ya yi hukuncin kafirci, kuma daɗewar duniya tana cikin ukun. Shi ya sa abin da ya faru a fadar Muwahhidawa wajen 1169 yake da daɗin ji. Ibn Ɗufail, likitan sarki, ya shigar da Ibn Rushdi gaban Sarkin Musulmi Abu Yaƙub Yusuf. Bayan tambayar suna da asali, abin da sarki ya fara jefa masa shi ne ra'ayin malaman falsafa game da sama, daɗaɗɗiya ce ko fararriya. Tsoro ya kama baƙon, ya shiga kame-kame, yana nuna bai san fannin ba. Sarki ya lura, sai ya juya ga Ibn Ɗufail ya shiga zayyano abin da Aristotil da Aflaɗon suka ce, da raddin malaman Musulunci a kansu, har hankalin baƙo ya kwanta ya saki baki. Ya fita da kyautar kuɗi da riga da abin hawa. Malamin tarihi Marrakushi ne ya kawo labarin, ta bakin wani almajirin Ibn Rushdi.

Wajen 1180 Ibn Rushdi ya rubuta Tahafutut Tahafut, yana alƙali kuma masanin fiƙihun Malikiyya. Tsarin littafin shi ne abin kallo. Sai ya kwafo maganar Gazali sakin layi guda cif, bai rage ba, sannan ya sa tasa a ƙasa. Wanda ya mallaki raddin ya mallaki kusan duk littafin da ake yi wa raddi. Wani wurin ma ya ce Gazali ya yi daidai, Ibn Sina ne ya kauce wa Aristotil. Game da dabino ya ce mai kwaɗayin nan ba tsakanin dabino da dabino ya zaɓa ba. Tsakanin ci da bari ya zaɓa, kuma ci ya fi bari, ko wanne ya faɗo hannunsa buƙata ta biya. Game da Zuhal ya ce ninki da rabi da cika da mara siffofin abin da ke da farko da ƙarshe ne. Zagayen da suka shuɗe ba a tare suke ba balle a tara su a ƙirga. A Faslul Maƙal ya yi ƙoƙarin sulhu, ya ce ɓangarorin biyu sun yarda duniya tana da Mai yi, saɓanin bai kai na kafirtawa ba. Abokinsa Ibn Ɗufail ya bi wata hanyar a labarin Hayyu bin Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri. Yaron ya shekara da shekaru yana auna hujjojin biyu bai iya yanke hukunci ba, daga ƙarshe ya gane cewa ko wacce ya bi, ga Mahalicci take kai shi.

Zamanin yana da ƙayarsa. A 1195 aka kori Ibn Rushdi zuwa garin Lusina, aka ƙone littattafan falsafa. An yafe masa, ya rasu a Marrakish a 1198. A Turai, limamin cocin birnin Faris ya haramta koyar da maganganu 219 a 1277, har da daɗewar duniya. A 1600 aka ƙone Jodano Buruno a Rum, mutumin da daga cikin abin da ya yi ta yaɗawa har da cewa sarari ba shi da iyaka kuma cike yake da duniyoyi. Mu kuwa abin da ya iso zaurukanmu shi ne sakamakon muƙabalar. Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ta taƙaita hujjar cikin layuka kaɗan: jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuwa fararru ne tunda ana ganin canjinsu, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Ɗalibi ya jawo baƙi, malam ya fassara, a ce na'am, a wuce gaba. Amsa ce ingantacciya, sai dai mai tambayar ba ya cikin zauren, kuma da yawa ba su taɓa jin tambayar da ƙarfinta ba.

Ra'ayin duniya marar farko ya sake ɗagowa a jami'ar Kambirij ta Ingila a 1948. An riga an gano tun 1929 cewa gungun taurari suna nesanta da juna, amma lissafin lokacin ya ba duniya shekara biliyan 2 kacal, ƙasa da shekarun duwatsun ƙasa. Sai Fred Hoyle da Hermann Bondi da Thomas Gold suka ce duniya tana faɗaɗa amma kamanninta ba sa canzawa, domin sabon abu yana samuwa kaɗan-kaɗan yana cike gurbi. Tushen maganarsu na falsafa ne: in babu wani wuri na musamman a sarari, bai kamata a samu wani lokaci na musamman ba. Wannan karon gani ya kori ji. A 1961 ƙidayar da Martin Ryle ya yi da na'urar rediyo ta nuna cewa sama ta dā ba irin ta yau ba ce. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson a Amurka suka tsinci ragowar ɗumin farkon duniya yana zuwa daga kowace kusurwa. Yau ana ƙiyasta shekara biliyan 13.8 daga wancan yanayi mai tsananin zafi da matsi. Awo ya tsaya nan. Ko sarari yana da iyaka, da abin da ke bayan wancan farkon, har yanzu aikin hujja ne, kuma masu yin ta suna taka sawun mutanen Bagadaza ko sun sani ko ba su sani ba.

Tambayar ba ta mutu ba ke nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ladabin ɗaukarta. Yau muƙabalarmu ta koma guntun bidiyo na minti ɗaya, a yanko rabin jimlar mutum a yi mata raddin sa'a biyu. Gazali kuwa yana da wani littafi, Maƙasidul Falasifa, inda ya shimfiɗa koyarwar su Ibn Sina tsaf, ba zagi ba gatse, domin a ganinsa raddi ga abin da ba ka fahimta ba jifa ne cikin duhu. A ƙarni na 12 aka fassara littafin zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗula, kuma yawancin kwafin da suka bazu ba su ɗauke da gabatarwar da ta bayyana manufarsa. Malaman Turai suka daɗe suna ɗaukarsa amintaccen mabiyin Ibn Sina, suna jingina masa ra'ayoyin da ya rubuta littafi guda don rusawa. Ya faɗi maganar abokan hamayyarsa da kyau har aka ɗauka tasa ce. Da wuya a samu mai raddi a yau da za a yi wa irin wannan kuskure.